Kututturan Kesavi

Itatuwan kofin tsoho Homate sun yi tsawon da sai an sa ƙugiya an tanƙwaro reshe kafin hannu ya kai ga 'ya'yan. Nemisa, matar ƙaramin ɗansa Seko, ita ke wannan fama duk kaka. Takan wuni a gangaren Kesavi, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wuya a ɗage, gansakuka na zubo mata a ido, amma in yamma ta yi sai ta sauko da jakar saƙarta ko rabi ba ta cika ba.

Homate ne ya dasa su tun yana saurayi. A gonar wani Bature da ya yi wa ƙwadago can kwarin Asaro ya samo dashen, ya zura a cikin gora, ya hau dutse da su a ƙafa. Irin da ake kira Tipika ne, mai dogayen rassa, wanda sabon ganyensa ke fitowa da launin tagulla. Kowa a Kesavi ya san labarin, domin tsohon ba ya barin kowa ya manta.

Wata rana Nemisa ta kai ɗan kofin da ta shanya garin Goroka, wurin wani ƙaramin kamfani da ke saye. Tana jiran a auna sai wata mace mai farin gilashi ta leƙo daga ɗakin ciki ta yafito ta. Lusi ce, mai ɗanɗana wa kamfanin kofi.

"'Yar'uwa, wanda kika kawo wancan karon, naki ne zalla ko kin haɗa da na maƙwabta?"

"Nawa ne. Ya lalace ne?"

"Ya lalace? Zo ki kurɓa."

Ta miƙa mata cokali. Ba sukari, ba madara. Nemisa ta kurɓa ta yamutsa fuska, Lusi ta kwashe da dariya.

"Kar ki haɗiye kamar magani. Bar shi ya zauna a harshe."

Ta sake kurɓa. Da ɗacin ya wuce sai ta ji wani zaƙi kamar na raken da aka gasa, can ƙarshe kuma ɗan tsami mai daɗi irin na lemo.

Lusi ta ce akwai mutane a ƙetaren teku da ke neman wannan tsohon irin ido rufe, muddin daga gona ɗaya ya fito, jajaye kaɗai aka tsinka, ba a gauraya da komai ba. Har sunan gonar sukan sa a jikin buhu. "Amma abin da kike kawowa, 'yar'uwa, in na jefa a bayan mota sai na neme shi da fitila. Itatuwanki sun gaji ko?"

Sun gaji, kuma Nemisa ta san maganinsu. A barikin 'yan ƙwadago na wata babbar gona kusa da Kainantu aka haife ta, inda mahaifinta yake aikin sassabe rassa. Tana yarinya ta ga an bi tsofaffin itatuwa da zarto an mai da su kututture iya gwiwa, ta kuma ga sun sake tashi sabbi fil. Sai dai akwai shekara biyu a tsakani da ba ƙwaya ko ɗaya.

Yagasi, wan mijinta, nasa maganin daban ne. Shi tuni ya tumɓuke rabonsa ya dasa sabon irin nan gajere, mai saurin haihuwa, wanda cutar ganye ba ta cika kama shi ba. Ya daɗe yana jiran tsohon ya kau don a yi wa sauran gangaren haka.

Da ta faɗa wa Seko abin da take shirin yi, yana tsugune bakin murhu yana ɓare gasasshen dankali. Ya daina ɓarewa.

"Uwar Miri, kin san itatuwan nan sun girme ki? Sun girme ni ma. Da Baba zai zaɓa tsakanina da su, ni zai sa a sare."

"To sai ya zaɓa."

"Ji mana. In ma dole ne, ki fara daga can ƙasa bakin rafi. Ƙafarsa ba ta kai shi can yanzu. Kafin ya ji labari sun toho."

"Ni ba ɓarauniya ba ce a gonata. Gobe zan je in faɗa masa."

"To ni gobe ina da uzuri a bakin titi."

"Na sani. Karta ba ta buga kanta."

Ta sami tsohon da hantsi a ƙofar bukkarsa, hular ulu a kai, yana shan rana. Ta ajiye masa dankali mai zafi a ganyen ayaba, ta zauna nesa kaɗan, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai katse ta ba. Da ta gama ya daɗe yana kallon wajen da muryarta take, domin idanunsa sun yi hazo.

"Matar Seko, aladun sadakin da muka kai wa danginki, don ki zo ki sare min hannuwa muka kai su?"

"Baba, ranar da aka kawo ni kai ka nuna min da sandarka. Ka ce daga babban itacen inuwa zuwa rafi nawa ne da 'ya'yana."

"Na ba ki ki tsinka. Ban ba ki ki kashe ba."

"A tsaye suke mutuwa, Baba. In ban sare ba, ranar da ka rufe ido tumɓuke su za a yi har saiwa. Ni so nake irin ya zauna."

Homate ya ture ganyen ayabar da bayan hannu, ya juya mata ƙeya.

Washegari raɓa ba ta bushe ba ta kama itacen farko. Zarton ya yi ta tsalle kafin ya kama. Ta yanka a karkace yadda ta ga mahaifinta yana yi, don kada ruwan sama ya kwanta a kan yankan. Da itacen ya kife, wani fili ya buɗe a sama, rana ta faɗo kan ƙasar da ta shekara da shekaru ba ta gan ta ba. Nemisa ta matsa ga na biyu.

Kafin rana ta take, Yagasi ya tsaya a saman gangaren yana ihu har ƙetaren kwari ana ji.

"Tambu! Tambu, kin haukace ne? Ina mijin naki?"

Suruki ba ya kiran sunan suruki a Kesavi, sai dai tambu. Ita ma haka ta mayar masa, ba tare da ta saki zarton ba.

"Yana bakin titi, Tambu. In ka gan shi ka ce a taho min da gishiri."

"Macen da aka kawo jiya-jiya ita ke sare abin da ubanmu ya dasa!"

"Kai da aka haifa a nan ai da magirbi ka bi naka."

Mata da ke leƙe daga gonakin dankali suka ƙyalƙyale, Yagasi ya yi ƙwafa ya wuce. Ita kuwa ta ci gaba, yau da gobe, har rabonta duka ya koma layi-layi na kututture. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Daga ranar tsohon ya daina cin abin hannunta. Kowace safiya ta kai masa dankali, kowace safiya ya miƙa wa kare a gabanta. Ba ta fasa kaiwa ba.

Sai kuma ruwa ya ɗauke. Watan da ya kamata hadari ya rufe duwatsu, sama ta yi fayau, da asuba sanyi mai ƙona ganye ya riƙa sauka. Kututturan suka tsaya baƙi ƙirin, ko alamar rai babu. Samarin bakin titi suka sa wa gangaren suna maƙabartar Nemisa. In ta zo wucewa sai wani ya cire hula ya sunkuyar da kai, sauran su tuntsire.

Ta yanko ciyawa ta lulluɓe gindin kowane kututture. Ta riƙa ɗebo ruwa daga rafi a jarka, igiyar jaka a goshi, tana hawa tana sauka. A tsakanin layukan ta shuka gyaɗa da kabeji, abin da za ta riƙa kaiwa kasuwa kafin kofi ya dawo. Shinkafa da kifin gwangwani suka ɓace daga gidan, aka koma dankali da ganye safe da yamma. Seko bai yi mata gori ba, amma bai ɗauki jarka ba. Yakan dai tsaya daga sama ya ce, "Uwar Miri, matattun naki sun ce a gaishe ni?"

Akwai ranar da ta zauna a kan wani kututture ta kankare ɓawonsa da farce, tana tsoron abin da za ta gani. Kore ne a ciki, da ɗan danshi. Ta mai da ɓawon ta danne, ta tashi ta ɗauki jarkarta.

Da ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfi. Ba a jima ba wasu 'yan ƙuraje suka ɓullo a jikin kututturan, suka tsage, ganye ya leƙo biyu-biyu, launin tagulla, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Nemisa ta bi layi tana taɓa su da ɗan yatsa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta bar su su gani da idonsu.

Tohon ya kai tsawon hannu ke nan, wata safiya ta gangaro ta tarar da gonar kamar an yi dambe a ciki. An tone gyaɗar, an kakkarya toho a layuka da dama, ga kuma mai aikin can tana ta turɓuɗa hanci a ƙasa: ƙatuwar aladen Yagasi, wadda ya keɓe don sadakin ɗansa. Ta ɓarke ruɓaɓɓen shingen ta shigo.

Kowa ya san hukuncin aladen da aka kama a gona, gatari ne. Gatarin kuwa yana nan jingine a bukkar gona. Nemisa ta ɗauke shi, ta tsaya a kan dabbar, numfashinta na fita da ƙyar. Ta dubi karyayyen toho a gindin ƙafarta, ta dubi shingen. Sai ta ajiye gatarin, ta kwance igiyar jarka, ta zarga a ƙafar gaba ta aladen. Ta ja ta tun daga rafi har dandalin ƙauye, aladen na kururuwa, ita tana zamewa a taɓo tana tashi.

Kafin ta iso dandalin ya cika. Yagasi ya fito a guje, ya ga dukiyarsa da rai, ya saki ajiyar zuciya.

"Tambu, a yi haƙuri. Faɗi abin da za a biya."

"Ba na son komai daga aljihunka."

"To me kike so?"

"Shinge. Daga itacen inuwa zuwa rafi, da itace mai ƙarfi, a kafa shi sosai. Ranar da aka ɗaure sanda ta ƙarshe, ranar za ka karɓi alade. Kafin nan tana gidana."

"Shingen gonarki ai aikin mijinki ne!"

"Haka ne," in ji Nemisa. Ta juya ta dubi Seko, wanda ya maƙale a bayan mutane da karta a hannu. Dandalin duka ya juya tare da ita.

Wata tsohuwa ta ce, "Seko, ashe kana gari? Mun ɗauka ka tafi aikin haƙar zinariya."

Aka yi ta dariya. Seko ya cusa kartar a aljihu, ya ce shi dama yau ya yi niyyar fara shingen, aladen ce ta riga shi. Shi da wansa suka yi kwanaki suna sara suna kafawa, suna zagin juna ƙasa-ƙasa. Da aka gama Yagasi ya ja aladensa ya tafi. Seko kuwa bai koma bakin titi kamar da ba. Ya ce tunda ya sha wahalar shingen, sai ya ga abin da ake tsarewa.

Bayan 'yan kwanaki ta gangaro ta hango hular ulu a tsakiyar layuka. Tsohon ne zaune dirshan a ƙasa, sandarsa a gefe. Yadda ya sauko wannan gangaren da waɗannan idanu, ba ta sani ba. Yana lalube jikin kututture da yatsu, yana ɓalle toho yana yarwa.

"Baba!"

"Kin bar musu 'ya'ya da yawa," ya ce, bai ɗago ba. "Uwa ɗaya ba ta shayar da wannan taron. Ki bar masu ƙarfi uku ko huɗu, kowa na fuskantar nasa gefen. Na saman nan ki cire, iska za ta ɓalle shi."

Ta san haka, jira take su ƙara ƙwari. Ta durƙusa a kututturen da ke kusa da nasa, suka yi ta aiki har rana ta yi zafi. Ya murza wani sabon ganye a tsakanin yatsu.

"Wane launi ne?"

"Tagulla, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Su ne." Can ya ce, "Yankanki ya yi tsawo a layin nan. Wa ya koya miki?"

"Mahaifina."

"To shi ma bai iya ba."

Seko ne ya goya shi ya hau da shi gida. Da yamma tsohon ya aiko a tambaya ko akwai sauran dankali.

Shekara ta juyo, ta sake juyowa. Sabbin rassan suka kai kafaɗa, suka yi fure fari fat a safiya ɗaya, ƙamshin ya hau har bukkar tsohon. Ya sa aka fito da shi waje ya zauna yana shaƙa. Bai ga 'ya'yan sun nuna ba. Suna kore shar a jikin rassa ya rasu.

Makoki a Kesavi ba ƙaramin abu ba ne. Dangin uwar mamaci za su zo, dole a sallame su da nama da abin hannu. Yagasi ya same ta a bayan gida, muryarsa a sanyaye wannan karon.

"Tambu, masu sayen kofi da sikeli suna bakin titi, ba sa duba launi. Ki zage gangaren nan yau, mu fita kunya."

"Ɗanye ne."

"Ubanmu ne ya mutu."

"Na sani. Ni na wanke masa bargo." Ta nuna masa turke. "Ɗauki aladena."

Guda ɗaya gare ta, ta raine ta tun tana 'yar mitsitsiya, a jaka take yawo da ita. Ta tsaya ta ga an tafi da ita, sannan ta shiga cikin mata ta shafa toka a fuska ta yi kukanta.

Da 'ya'yan suka nuna, rassan har ƙasa suke taɓawa. Babu ƙugiya yanzu, a tsaye take tsinka, ita da Seko da 'yarsu Miri da ta dawo hutu daga makaranta. Ja wur kaɗai. In Seko ya jefa mai ratsin kore sai ta tsamo ta saka masa a aljihun riga. Abin da aka tsinka da safe, kafin rana ta faɗi an murza shi a injin hannu an raba ƙwaya da ɓawo. A bar shi ya kwana, a wanke a rafi har santsin ya fita, a baza a kan gadajen gora da suka ɗaga sama da ƙasa. In hadari ya taso daga bayan dutse, ko cokali ne a bakinta sai ta ajiye ta ruga da leda.

Ana cikin haka Miri ta kwanta zazzaɓi, Nemisa ta kai ta asibitin mishan suka yi 'yan kwanaki. Ruwa ya tsuge a bayanta. Seko, don gudun kada busasshen kofin ya jiƙe, ya kwashe buhunan da suka cika ya jera a ƙarƙashin rufin ɗakin girki, saman murhu. Da ta dawo har yana yabon kansa. Ta sauke su nan take, ta shinshina. Ta ɗaura musu jan zare a baki don kada su haɗu da sauran.

Suka sauke buhunan zuwa titi a ka, sawu bayan sawu, suka samu motar da ta kai su Goroka. Lusi ta ɗebi kaɗan daga kowane buhu, ta soya, ta niƙa, ta jera kofuna a dogon tebur. Ta bi su da cokali tana zuƙa da ƙara tana tofarwa. Seko ya raɗa wa matarsa, "Wannan da a gidanmu take cin abinci haka, da marigayi Baba ya kore ta."

Lusi ta tsaya a kan kofunan farko, ta koma, ta sake komawa. Ta cire gilashinta.

"'Yar'uwa, me kika yi wa itatuwan nan?"

"Sare su na yi."

"To sun yafe miki. Wannan ya fi wanda na fara ji. Waɗannan duk na ɗauka, kuma baɗi ma ina so." Ta matsa ƙarshen teburin, ta zuƙa sau ɗaya, ta ture kofin. "Waɗannan kuwa hayaƙi suka sha. Wa ya kwana da su a ɗakin girki?"

Seko ya dubi silin.

"Masu jan zare ne," in ji Nemisa. "Na sani. So nake in ji daga bakinki."

"Ba zan iya sa su cikin na kirki ba. Sai dai su bi na kowa da kowa, a ƙaramin farashi."

Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na wahalarta. Nemisa ta ji abin har cikin ƙashinta, amma ta ce a kai su. Aka kawo sabbin buhuna, wani ma'aikaci ya ɗora faranti mai hudar haruffa ya goga baƙin fenti. Ta tsaya ta ga sunan Kesavi ya fito, a ƙarƙashinsa Tipika.

Da suka fito Seko ya fara lissafin shinkafa da naman rago da sabon takalmi. Ta ce za a saya, amma ba yanzu ba. Ta ja shi shagon kayan gini, ta zaɓi kwanon rufi da ƙusa.

"Na mene ne?"

"Rumbu. Can sama da gadajen shanya, inda ko warin ashana ba zai kai ba."

Motar ta sauke su a inda titi ya ƙare, rana ta fara karkata. Seko ya dubi kwanon, ya dubi hanyar da ta miƙe sama cikin hazo.

"Uwar Miri, mu bar shi a shagon bakin titi mana. Gobe in samo samari."

"Gobe za ka sari ginshiƙai."

Ta naɗe tsumma ta ɗora masa a ka, ta kama gefe ɗaya suka ɗaga. Kwanon ya lanƙwasa gaba da baya yana ƙara kamar tsawa. Ta rataya jakar ƙusa a goshi ta shige gaba, shi kuma yana biye yana mita, yana tambaya ko ba a sayar da kwano marar nauyi a Goroka.